Ciniki Na Hawa, Sito Na Ramewa: Yadda Wani Kamfanin Sari a Kakuri Ya Gano Inda Jarinsa Ke Zurarewa

Kamfanin kafin 2023

Kamfanin na rarraba kayan masarufi ne. Mai shi ba ya son a ambaci sunansa, don haka Alhaji kawai za a riƙa ce masa a nan. Sitonsa yana Kakuri, cikin ɗaya daga manyan rumfunan da suka zama kango bayan masaƙun Kaduna sun durƙushe. Yana ɗauko sukari da fulawa da taliya da man girki da madara da sabulu tirela-tirela daga masana'antun Legas da Kano, ya raba wa 'yan sari na Kasuwar Sheikh Gumi da Kasuwar Barci da Kawo, da masu shaguna a Rigasa, Tudun Wada, Unguwar Rimi da Sabon Tasha. Motocinsa shida, kanta huɗu da bas biyu, kuma ban da cikin gari suna zuwa Zariya da Saminaka da Kafanchan. Ma'aikata sun kai talatin, ban da 'yan dako da ake sallama kullum.

Lissafin kamfanin a wuri uku yake. Mai sito yana da babban littafin da yake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Yaran ciniki da ke bin motoci suna da rasit mai kwafi. Akanta kuma yana zuba rasit ɗin a manhajar lissafi ta Excel idan wata ya ƙare, wani lokaci sai tsakiyar wata mai bi masa. Akwai wuri na huɗu da ya fi ukun nan ƙarfi, wato kan Alhaji. Ya san wa ake bi, ya san mai biya ranar Juma'a, ya san wanda ba a matsa wa saboda tare suka fara kasa kaya a tebur. Abin da yake auna lafiyar kamfani da shi ɗaya ne: cinikin wata. In ya fi na bara, sai hamdala.

Wannan tsari ya yi shekaru yana ciyar da gidaje da yawa, bai kamata a raina shi ba. Sai dai an gina shi ne a zamanin da katan ɗin taliya kan yi watanni farashinsa bai motsa ba.

Janairu zuwa Nuwamba 2023: lissafi ya fara rikicewa

Shekarar ta buɗe da ƙarancin takardun kuɗi, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Daga Janairu zuwa Maris, masu shagunan da ba su taɓa biya ta waya ba suka koma taransifa ala tilas. Kuɗi na shigowa, amma da sunan wa? Wani ta asusun matarsa ya turo, wani ta na ɗansa, wani ta hannun mai POS na bakin layinsu. Alat ya shiga wayar Alhaji, kashiya ba ta gani ba, yaron ciniki ya ce an biya, littafin bashi ya ce ba a biya ba. Tun daga lokacin littafin bashin ya daina zama abin dogaro, ko da yake ba wanda ya fito ya faɗa.

Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya sakar wa naira mara a kasuwar canji. Sukari da fulawa da taliya kuwa duk da kayan ƙetare ake yin su, ɗanyen sukari yawanci daga Brazil, alkama ma shigo da ita ake yi. Sai masana'antu suka fara turo sabon farashi, wani watan har sau biyu.

A naira, kamfanin bai taɓa yin ciniki irin na Oktoba da Nuwamban 2023 ba. A cikin Nuwamban nan ne kuma aka sayar da tirelar sukari ƙarƙaf, aka tashi biyan wata, kuɗin suka kasa. Aka cika da kuɗin taliya. Da lokacin sayen taliya ya zo aka cika da kuɗin mai. Mai sito ne ya fara magana. Ya ce, "Alhaji, da can ba a ganin bangon baya. Yanzu daga bakin ƙofa ina hango shi."

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: zargin sata, sannan banki

Abin da ya fara zuwa zuciyar kowa shi ne ana ɗauke kaya. Aka sa kyamarori, aka canza kwaɗuna, aka yi ƙidayar bazata sau biyu, aka sallami yaran ciniki biyu. Ƙidayar ta nuna giɓi, amma bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kayan da ke sito ba, kuma yawancinsa fasassun katan ne da jarkokin da suka yi yoyo. Ba irin giɓin da zai hana mutum sayen tirela ba ne.

Sai aka ce to jari ne ya yi kaɗan. Alhaji bai taɓa cin bashin banki ba saboda gudun ruwa, amma a Janairun 2024 ya karɓi kaya ta hanyar murabaha daga wani banki mara ruwa: banki ya saya, ya sayar masa da riba, ya biya a hankali. Sito ya cika na kusan mako shida. A Fabrairu dala ta haura naira 1,500, bangon baya ya sake bayyana, ga kuma kuɗin banki na jira duk wata.

Maris zuwa Afrilu 2024: allon da ba wanda ya yarda da shi

Babban ɗan Alhaji da ke aiki a Abuja ne ya kawo shawarar a ɗauko masani ya haɗa musu tsarin nazarin bayanan kasuwanci. Irin wannan tsari hawa uku ne: wuraren da alƙaluma ke fitowa, kamar rasit da littafin sito da bayanin banki, wurin da ake tara su a daidaita su, sai allon da ke nuna su a zane da jadawali, yadda mai kamfani zai gane halin da yake ciki ba tare da ya buɗe fayil goma ba. Masanin ya zaɓi Power BI ta kamfanin Microsoft, wadda nau'inta na kwamfuta kyauta ne. Ya karɓi fayilolin akanta na 2022 da 2023 da farkon 2024, ya yi mako biyu, ya dawo da allo mai zane sama da ashirin, har da taswirar Kaduna da ɗigo-ɗigon abokan ciniki.

Zaman da aka yi don duba shi bai kai awa ɗaya ba. Allon ya ce bashin da kamfani ke bi naira miliyan 210 ne. Akanta ya ce 160 ne. Alhaji ya ce duk biyun ba daidai ba ne, ya lissafo mutum uku da ke cikin jerin waɗanda ya tabbata sun biya tun kafin Kirsimeti. Allon ya ce abokan ciniki sun kai 1,100, Alhaji ya ce shi bai san mutum dubu da yake bai wa kaya ba. Allon ya ce madara ce ta fi kowane kaya fita, mai sito ya yi dariya, domin wasu yaran da dozin suke rubuta ta, wasu da ƙwaya, wasu da katan, kwamfuta kuma ta haɗa su duka ta tara.

Wanda ya ƙarasa lamarin shi ne zanen da ya nuna cinikin Maris 2024 ya ninka na Maris 2023, da koren kibiya a gefensa. Alhaji ya ce wa ɗansa, "Kai ma ka san bara a wannan watan mutane na kwana a layin banki. Kuma azumin bara sai 23 ga wata aka ɗauka, na bana 11 ga wata. Me aka gwada da me?"

Masanin ya yi aikin da aka sa shi da abin da aka ba shi, aka biya shi ya tafi. Kafin ƙarshen Afrilu ba mai buɗe allon sai in an yi baƙo.

Mayu zuwa Yuli 2024: share fage

Akwai 'yar ƙanwar Alhaji da ta karanta ƙididdiga a Jami'ar Ahmadu Bello, ta gama bautar ƙasa, aka ajiye ta tana taya kashiya aiki kafin ta samu na yi. Tana cikin wancan zaman, ba ta ce uffan ba. Bayan ƙaramar Sallah ta same shi ta ce, "Kawu, allon nan ba shi da laifi, abin da aka zuba masa ne ya rikice. A ba ni wata uku, amma kada a tambaye ni zane ko ɗaya kafin nan." Ya ce ta je ta gwada, tunda ba kuɗi ta nema ba.

Ta fara da sunaye. Mutum ɗaya sai a same shi da suna biyar: na yanka, laƙabinsa na kasuwa, lambar shagonsa, sunan yaronsa da ke karɓar kaya, da sunan matarsa da ya shigo tun lokacin taransifar 2023. Ba manhajar da za ta iya warware wannan. Kullum bayan la'asar sai ta zauna da direban da ya fi kowa daɗewa da yaran ciniki, tana karanto suna suna cewa ai wane ne. Sunaye 1,100 suka koma mutum 430. Kowa aka ba shi lamba guda, aka ɗaure ta da lambar wayarsa. Aka ware asusun banki ɗaya na ciniki kaɗai, aka ce duk wanda ya tura kuɗi ya aiko da hoton shaida da lambarsa ta WhatsApp ɗin kamfani. A cikin wannan aikin ne aka gano kuɗin da aka zargi ɗaya daga yaran da aka sallama da ci, suna zaune ƙarƙashin sunan wani mai POS. Aka nemo shi aka ba shi haƙuri, ya dawo. Ɗayan ya riga ya kama wani aikin.

Sai ma'auni. Kowane kaya aka tsayar masa da guda: sukari buhu mai kilo 50, man girki jarka mai lita 25, taliya katan mai leda 20. Duk wanda ya sayar da dozin ko rabin katan, akwai jadawalin da ke mayar da shi asalin ma'auninsa. Sai kwanan wata. Kowane ciniki yana da rana uku, ranar da kaya suka fita, ranar da aka biya, da ranar da aka rubuta, akanta kuwa ta ukun kaɗai yake sakawa, saboda haka ba yadda za a yi a san kwana nawa bashi ya yi a hannun mutum. Ta kuma ƙara gurbin kwanan watan Musulunci, don a riƙa gwada Sha'aban da Sha'aban, azumi da azumi.

Abin da ya fi ba ta wahala shi ne rangwamen baki. Abokin ciniki zai kira Alhaji, a gaisa, a tambayi iyali, a ƙarshe Alhaji ya ce wa yaro a cire masa dubu hamsin, ko a ɗora masa katan biyu. Ba a taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, shi ya sa littafin bashi ke bin mutane kuɗin da aka riga aka yafe musu. Ba ta nemi ya daina ba, ta san ba zai yiwu ba. Ta roƙe shi duk sanda ya yi, ya tura saƙon murya na daƙiƙa goma zuwa zauren WhatsApp na ofis, kashiya ta shigar. Ya yi ta mantawa a makonnin farko.

Yaran ciniki suka koma cika wani ɗan fom a waya da ke zuba kai tsaye a jadawalin intanet na Google Sheets kafin magariba. Mai sito ya ce shi da littafinsa mutu ka raba. Aka bar shi, wani yaro yana ɗaukar hoton shafin kowace yamma yana shigarwa. Har yau haka ake yi.

Agusta zuwa Satumba 2024: abin da alƙaluman suka nuna

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta fara ranar 1 ga Agusta, ranar 5 ga wata aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Sito ya zauna a rufe, ita kuma ta yi amfani da kwanakin ta sake gina allon a gida. Zane ashirin da wani abu suka koma biyar.

Kafin a duba komai Alhaji ya yi mata jarrabawa. Ya kira sunan mutum goma da ya san bashinsu da ka, tana karanto abin da allon ya ce. Tara suka zo daidai. Na goman suka saɓa, aka kira mutumin a waya, ya ce ai ya ƙara ɗaukar jarka talatin ranar da Alhaji ya je ta'aziyya Zariya. Daga nan Alhaji ya gyara zama.

Zanen farko layi biyu ne, ciniki a naira da ciniki a katan. Idan aka gwada wata shida na farkon 2024 da na farkon 2023, naira ta ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. Amma farashin kayan da kamfanin ke sayarwa ya tashi da kusan kashi 75, fiye da hauhawar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayar a Yunin 2024, wato kashi 34.19 gaba ɗaya da 40.87 a abinci, saboda kayan nasa sun fi jingina da dala. Raba 140 da 175, sai ka samu 80 cikin ɗari. Wato a duk katan biyar da ake fitarwa a da, huɗu ake fitarwa yanzu, kuma da watannin ƙarancin kuɗi aka gwada, ba da shekara mai daɗi ba. Shekara guda Alhaji yana awo da mudun da ke ƙanƙancewa kullum, yana murna yawan mudu ya ƙaru.

Zane na biyu ya bayyana abin da ya faru da tirelar sukarin Nuwamba. Akanta yana lissafa riba a kan kuɗin da aka sayo kaya, kuma haka aka koya masa. Ita ta lissafa a kan kuɗin da za a sake sayo su ranar da kuɗin ciniki suka dawo hannu. A ce an sayo katan a naira 10,000, an bayar bashi a 10,500. Littafi ya ce an ci 500. Kafin mai shago ya biya bayan kwana 45, masana'anta ta mayar da katan 11,300. Kuɗin katan ɗari da aka sayar, naira 1,050,000, katan 92 za su sayo da ɗan canji. Katan takwas sun tafi ba tare da kowa ya taɓa kwaɗon sito ba. Aka duba kaya ɗaya bayan ɗaya, aka ga sukari da fulawa, waɗanda suka fi kawo naira, su ne suka fi yin wannan ɓarnar, domin ribarsu siririya ce kuma su aka fi bayarwa bashi. Sabulu da madara, da ba a cika kula su ba, su ke riƙe da albashi.

Na uku shi ne kwanakin da bashi ya yi a waje, an kasa shi kashi huɗu: ƙasa da mako biyu, zuwa wata ɗaya, zuwa wata biyu, da abin da ya wuce haka. Ainihin bashin naira miliyan 180 ne, ba 210 ba, ba kuma 160 ba, kuma a matsakaici kwana 47 yake yi a waje. Fiye da rabinsa yana hannun mutum goma sha biyu. Na kan gaba shi ne babban abokin cinikin kamfanin, wani ɗan sari da ake shimfiɗa wa darduma idan ya zo. Yana ɗaukar kaya da yawa, yana samun rangwame, ana kai masa kyauta, yana biya bayan wata biyu. A lokacin Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 26.75, ribar da bankin Alhaji ke ɗorawa kuwa idan aka miƙe ta zuwa shekara ta kusa kashi 30. Naira miliyan 10 da ta yi kwana 60 a hannun wani tana cin kusan naira dubu 493, kusan kashi biyar ke nan, alhali ribar sukari ba ta kai kashi huɗu ba. Duk tirelar da aka sauke wa mutumin nan, kamfani ne ke cikawa daga aljihunsa. Kuma da aka bincika, shi ma riƙe kayan yake yi har farashi ya tashi sannan ya sayar. Dama ya gani.

Dalilin da yaran ciniki ke tura masa kaya a fili yake: kamashonsu a kan abin da suka fitar ake lissafawa, ko an biya ko ba a biya ba.

Zane na huɗu ya ba kowa mamaki, har da ita. An daɗe ana cewa hanyar Kafanchan ce ke cinye kuɗi saboda nisa da tsadar dizal. Da aka cire dizal da alawus da dako da kuɗaɗen kan hanya daga ribar kowace fita, Kafanchan ce ta zo ta ɗaya: mota na tafiya a cike, kuma 'yan can hannu da hannu suke biya. Zariya ta bi mata. Asarar a cikin gari take. Kanta za ta fita da rabin lodi, ta tsaya wuri goma sha biyar tana sauke katan uku nan biyar can, ta wuni a cunkoson hanyar Rigasa da Titin Ahmadu Bello. Motar Saminaka kuma an gano tana dawowa da buhunan masarar mutane, kuɗin dakon bai taɓa shiga littafi ba. Alhaji ya ce ya sani, ihsani ne ya bar wa direba tun dizal na araha.

Na biyar jerin kayan da suka yi kwantai ne. Cikin kaya iri 240, kusan 90 sun haura wata uku ba a taɓa su ba.

Oktoba 2024 zuwa Fabrairu 2025: gyara, da gyaran gyara

Aka tsayar da zama duk Litinin da safe, minti talatin: Alhaji, akanta, mai sito, kashiya, shugaban yaran ciniki, da ita. Farashin mako a nan ake yanke shi, bisa sabon farashin masana'anta, ba bisa tsohon rasit ba. Kamasho ya koma kan kuɗin da suka shigo. Cikin gari aka raba shi rana-rana, Rigasa da Tudun Wada ranarsu daban, Kawo da Unguwar Rimi tasu daban, mai son ƙasa da katan goma kuma ya aiko keke ya ɗauka. Kayan kwantai aka karya farashinsu aka rabu da su. Dakon masarar Saminaka aka raba biyu tsakanin direba da kamfani.

A ƙarshen Oktoba wutar lantarki ta ɗauke a yawancin Arewa sama da mako guda, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Allon ya yi kwanaki ba a sabunta shi ba. Tun daga nan aka koma buga shafi ɗaya a takarda kowace Asabar don zaman Litinin, kuma aka lura Alhaji ya fi karanta takardar fiye da yadda ya taɓa kallon kwamfuta. Yana ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Gyara ɗaya ya ci tura. Ganin abin da bashi ke ci, aka yanke cewa daga 1 ga Nuwamba ba wanda zai wuce kwana 14, babba ko ƙarami. Ita ta kawo shawarar, alƙaluma na bayanta. Cikin mako shida fitar katan ta ƙara faɗuwa da kusan kashi 15. Manyan 'yan sari suka haɗa kuɗin mota suka koma saro kaya a Kasuwar Singa ta Kano, wasu suka koma wajen wani dila a cikin gari. Babban abokin cinikin nan ya tafi, da shi da wasu mutum biyu da ba su taɓa saɓa alkawari ba, waɗanda suka ɗauki dokar a matsayin cin fuska.

Faɗuwar ta fito a takardar Litinin tun mako na biyu, a katan, ba a jira ƙarshen wata ba. A tsakiyar Disamba aka sassauta. Aka kasa mutane gida uku bisa tarihin biyansu na wata goma sha biyu: masu cika alkawari kwana 30, matsakaita kwana 14, sauran hannu da hannu. Mai son ya wuce kwanakinsa zai iya, amma farashinsa ya ɗan ɗara na mai biya nan take, kuma a gaya masa tun kafin a yi lodi. Alhaji da kansa ya taka zuwa shagunan mutum biyun nan, suka dawo. Ya kuma sa hannu ya cire wani mai shago daga gida na uku duk da abin da allon ya ce, domin ya san gobara ce ta taɓa shi, ba hali ba ne. Mutumin ya gama biya kafin azumi.

Maris zuwa Yuni 2025: inda aka tsaya

Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris. Wannan karon da kwanan watan Musulunci aka yi shiri. Bayanan azumi biyu da suka wuce sun nuna sukari da madara da mai suna fara gudu tun kwana goma na ƙarshen Sha'aban, taliya da fulawa kuma sai goman ƙarshe na azumi. Aka jera odar tireloli a kan haka, ba a ƙara ko sisi daga banki ba.

Daga nan kasuwa ta juya. Naira ta ɗan tsaya wuri ɗaya, farashin wasu kayan abinci ya fara sauka. Lissafin nan na kuɗin sake sayowa, wanda a 2024 yake cewa a ɗaga farashi da wuri, yanzu cewa yake kada a tara kaya, domin buhun da ya kwana biyu a sito zai iya tarar da sabo ya fi shi araha. Aka rage yawan abin da ake ajiyewa da gangan. Mai sito bai ji daɗin hakan ba.

Zuwa ƙarshen Yuni, bashin da ke waje ya sauka daga miliyan 180 zuwa kusan 75, matsakaicin kwanakinsa daga 47 zuwa 19. An gama biyan banki a Mayu. Kaya iri 240 sun koma 150. An sayar da bas ɗaya da ba a buƙata. Kuɗin tirela na sayen tirela. Fitar katan kuwa har yanzu tana ƙasa da ta 2022 da kusan kashi goma, kuma babban abokin cinikin nan bai dawo ba.

Me ya yi aiki, kuma don me

A ganina ciwon kamfanin nan na ma'auni ne. Cinikin naira ya daina faɗin gaskiya tun Yunin 2023, amma shi kaɗai ake dubawa, shi ya sa aka bi ɓarawon da babu shi, aka kuma ƙara jari a kan tsarin da ke cinye jari. Da aka koma ƙirga katan da kwanaki, abubuwan da naira ba ta iya kumbura su, matsalar ta fito cikin zama ɗaya.

Allon Maris da na Agusta manhaja ɗaya ce ta yi su. Na farko an ɗora shi a kan fayilolin da ba a tace ba, kuma ba wanda ya zo masa da tambaya, sai aka zana duk abin da za a iya zanawa. Na biyu ya zo bayan wata uku na aikin da ba mai sha'awar kallo, kuma tambaya ɗaya ya zo amsawa: me ya sa kuɗin tirela ba sa sayen tirela? Yawancin wancan aikin ma ba na kwamfuta ba ne. Tsohon direba ne ya san wane ne wane, kuma da Alhaji bai yarda ya riƙa furta rangwamensa ba, da littafin bashi na nan a rikice. Jarrabawar mutum goma ita ta sa ya amince, domin da abin da ya riga ya sani ya auna allon kafin ya yarda da shi a kan abin da bai sani ba.

Dokar kwana 14 ta nuna iyakar abin. Alƙaluman sun faɗi daidai abin da bashi ke ci, amma ba su da gurbin da ake rubuta cewa ɗan sari na iya hawa mota ya tafi Kano, ko cewa dattijon da bai taɓa saɓa alkawari ba zai ji ciwo. Wannan Alhaji ne ya san shi, kuma ya yi shiru a zaman saboda allon ya riga ya kunyata shi sau huɗu. Amfanin tsarin a nan shi ne ya nuna ɓarnar cikin mako biyu, da a tsohon tsari ne sai an kai Janairu.

Kada kuma a jingina wa allon duka nasarar. Wani kaso na sauƙin 2025 daga tsayuwar naira ya zo, kuma dilolin da ba su taɓa buɗe Power BI ba su ma sun numfasa. Abin da za a iya danganta masa kai tsaye shi ne raguwar kwanakin bashi, gyaran hanyoyin cikin gari, da fita daga bashin banki.

Raunin da ya rage shi ne kusan komai a hannun mutum ɗaya yake. 'Yar ƙanwar Alhaji ta samu gurbin ƙaro karatu, kuma ita kaɗai ta san yadda aka ɗaure jadawalan da juna. Tun Afrilu take koya wa kashiya da yaron da ke ɗaukar hoton littafin sito, tana rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya da Hausa. A Yuni kashiyar ta fitar da takardar Litinin ita kaɗai sau biyu. Ta farko ta zo daidai. A ta biyu an shigar da madara da dozin, mai sito ne ya kama kuskuren kafin a fara zama.